Yadda ake saita tashin motar tsere mai turbo ba tare da an ƙone fistin ba

Tseren miƙe ana yin sa ne a kan mita 402, wato kwatan mil, amma a mita 18 na farko ake cinye shi ko a faɗi. Masu harkar a Amurka suna auna wannan ɗan taƙin daban, ƙafa 60 ke nan a lissafinsu, kuma sun daɗe da lura cewa duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka rage a wurin yakan zama ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen layi. Dalilin da ya sa ake ɓata lokaci da kuɗi a kan tashi ke nan.

Mota mai turbo tana da tata matsalar. Hayaƙin inji ne ke juya turbo, shi kuma ya tura iska da ƙarfi cikin silinda. Idan mota na tsaye babu nauyi a kan inji, hayaƙin ba shi da wani ƙarfi ko da ka taka totur, don haka turbo na barci. Ka saki kuloci, inji ya yi laƙwas, bayan daƙiƙa guda turbo ya farka gaba ɗaya, taya ta ƙwace ta hau juyi a banza. An yi asara sau biyu. Aikin tsarin daidaita tashi shi ne ya riƙe juyin inji a wuri guda alhali ƙafarka na kan totur har ƙasa, ya kuma tara matsin iska kafin mota ta motsa.

Sai dai wannan shi ne aikin ƙarshe. Duk wanda ya fara da shi don jin ƙarar harbi a salansa, kwana kaɗan zai koma Ƙofar Ruwa neman wani injin.

Injin tukuna

A garejojinmu na Wudil, Bichi, Ringim ko Gumel, injin turbo da ya fi sauƙin samu shi ne 1.8T na Volkswagen, wanda ke cikin Golf 4, Passat da Audi A4. Silinda huɗu, bawul 20, bulo na baƙin ƙarfe, ƙarfin doki 150 zuwa 180 a yawancin waɗanda ke shigowa. Mai hali kan nemi 1JZ ko 2JZ na Toyota masu silinda shida, amma ƙa'idar ɗaya ce. Da 1.8T za a yi misali a nan.

Auna matsin kowace silinda da inji a ɗume. Idan bambancin mai sama da mai ƙasa ya wuce kashi 10 cikin 100, a buɗe inji a gyara, babu zancen saiti. Canja belin tayimin da famfon ruwa ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne, domin idan ya tsinke a wannan injin fistin da bawul karo suke yi. Sauke kaskon baƙin mai ka duba ragar bakin famfo; na Passat da A4 sun yi ƙaurin suna wajen toshewa da dasƙararren mai, kuma turbo ne ke fara mutuwa idan mai ya yanke.

Daga nan sai gwajin yoyon iska. Toshe bakin turbo da murfin roba mai bawul irin na taya, ka hura iska har matsin bar 1 da injin mai faci, ka bi duk mahaɗar tiyo da ruwan omo. Inda kumfa ya tashi, nan ne ɓarawon. Tiyon da ya shekara ashirin kafin ya iso ƙasar nan da wuya ya tsallake wannan gwajin. Mota mai yoyo ba ta saituwa, saboda turbo zai yi ta wahala yana cike ramin da ba ya cika, iskar kuma ta ƙara zafi.

Konrod ɗin asali na 1.8T, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana fara lanƙwasa idan ƙarfin murɗawa ya doshi Nm 400, musamman idan ya zo a ƙaramin juyi. Wanda ke son wuce nan sai ya sa konrod na tsere. Wanda bai shirya ba ya tsaya ƙasa da wannan adadin.

Mai

Ka ɗauki ƙarfin dokin da kake nema ka raba da yawan silinda, ka ninka sau 8. Abin da ya fito shi ne girman nozul, wato mai fesa fetur cikin inji, da kake buƙata a cc cikin minti. Doki 280 a silinda huɗu ya zama 70, sau 8 ya ba da 560, sai ka sayi mai 630. Lissafin ya bar sarari don kada nozul ya wuce kashi 80 zuwa 85 na lokacin buɗewarsa. Da ya wuce nan ba shi da sauran abin ƙarawa, kuma ba zai faɗa maka ba.

Famfon mai irin Walbro 255 ya wadatar a wannan matakin, amma a ja masa waya mai kauri daga batir ta hanyar rile. Tsohuwar siririyar waya kan rage masa wuta, famfon da ya kamata ya sami volt 13.5 ya riƙa samun 11, mai ya ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wannan aikin rewaya ne, kuma a tsaya a kansa. Matsin mai a bututun nozul ya fara daga bar 3, ya riƙa hawa kafaɗa da kafaɗa da matsin turbo: turbo na bar 1, mai na bar 4. Sa geji inda za a gani. In turbo ya hau mai bai bi shi ba, ɗaga ƙafa nan take. Kada kuma a fita gwaji da tanki ƙasa da rabi, don a wajen tashi mai kan kwarara baya, famfo ya zuƙi iska.

Babu saiti sai da na'urar auna cakuɗar iska da mai, wadda ake kira waidiban, yawancinsu da sensar Bosch LSU 4.9 suke aiki. Fetur yana ƙonewa tsaf a iska 14.7 ga mai 1. A ƙarƙashin matsi ana so a ga 11.5 zuwa 11.8, domin rarar man ce ke sanyaya kan fistin. Da ka ga 12.5 tana hawa, ana dafa inji. Ƙasa da 10.8 kuma ƙarfi ya tafi, baƙin hayaƙi ya fito, fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda.

Sai zancen ingancin fetur, wanda shi ne ainihin iyakarmu a nan. Lambobin da za ka gani a intanet na Turai da Amurka an yi su ne da fetur mai oktan 98 (oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga fashewa da kansa) ko na tsere. Namu na gidan mai bai kai nan ba, kuma yana bambanta daga tanka zuwa tanka. Na 'yan bumburutu kuwa, wanda ya yini a galan cikin rana, wani lokacin har da gaurayen kananzir, kada ya kusanci motar. Ka zaɓi gidan mai guda ka tsaya a kansa, ka yi saiti da shi, ka yi tsere da shi. Da irin wannan man, bar 0.8 zuwa 1.0 ya ishi injin da ba a taɓa cikinsa ba. Ƙaramin turbo K03 na asali ma ba ya ƙara komai bayan nan sai zafi. Mai son ƙari sai ya sa feshin ruwa da metanol, rabi da rabi, amma da sharaɗin ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta san lokacin da tankin feshin ya ƙare ta rage matsi da kanta.

Wuta da finkin

A bakin makanikanmu, idan aka ce inji ya yi nokin ana nufin ya riga ya mutu, metal ya narke. Abin da ke kashe injin turbo tun kafin a kai can shi ne finkin: sauran cakuɗar da ke cikin silinda ta fashe da kanta saboda zafi da matsi, maimakon ta ci a hankali daga tartsatsin fulogi. Ƙararsa kamar an watsa tsakuwa cikin kwanon sha. A mota mai buɗaɗɗiyar salansa ba za ka ji shi da kunne ba. Ɗaure ɗan bututun jan ƙarfe da aka daddage bakinsa a jikin bulo, ka jona tiyo zuwa abin toshe kunne, wanda ke zaune a gefe ya saurara. Arha gare shi, kuma yana kama abin da sensa kan rasa.

Fara da tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, a baya sosai. A giya ta uku, daga juyi 2500 a minti zuwa sama, ka riƙa ƙara digiri ɗaya ɗaya kana duba rikodin a kwamfuta bayan kowace tafiya. Wurin da ya fi haɗari shi ne inda turbo ya cika, tsakanin juyi 3000 da 4500, nan matsin cikin silinda ya fi yawa, nan kuma tayimin ya kamata ya fi zama baya. Daga can sai a sake shi kaɗan kaɗan zuwa sama. Inda aka fara jin finkin, a koma baya digiri 2, a man namu ma 3 ya fi. In ka ƙara digiri ba ka ga ƙarin ƙarfi ba, mayar da shi, ba ka sayi komai ba sai haɗari.

Fulogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya. A lissafin NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, don haka daga 6 a koma 7, kamar BKR7E. A matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7, don iska mai matsi tana hure tartsatsi idan bakin ya yi faɗi, sai ka ji mota na tari a sama. Bayan tafiya mai ƙarfi ka kashe inji ka cire fulogi ka duba farin tangaran ɗin a haske. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar barkono alamar finkin ce. In ɗigon yana ƙyalli, fistin ne ya fara narkewa.

Yanayinmu na da hannu a duk wannan. Tsakanin sanyin asubar Janairu mai digiri 15 da tsakar ranar Afrilu mai 42, nauyin iska ya bambanta da kusan kashi 9 cikin 100. Motar da aka saita da safiyar hunturu za ta yi finkin a bazara. Wadda aka saita a bazara kuma matsinta kan zarce abin da aka sa idan sanyi ya shigo. Mafita ita ce a cika jadawalin gyaran zafi a ƙwaƙwalwa: da iskar shiga ta wuce digiri 45 a fara janye tayimin, kamar digiri ɗaya a duk ƙarin 5, sannan a sa iyakar matsi da za ta yanke mai idan an zarce abin da aka nufa da bar 0.2. Babbar intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa, a gaban lagireto wajibi ce. Matatar iskar nan mai siffar mazurari da ake sawa don kwalliya, in tana cikin zafin bonet zafi take sha, in kuma rahusa ce ƙurar hunturu za ta wuce ta ta cinye fukafukan turbo kamar an goge da sanfefa.

Saita tashin kansa

Wasu ƙwaƙwalen asali, irin Bosch ME7.5, ana iya sake rubuta su a saka musu wannan tsarin. Masu zaman kansu kamar Haltech, Link, MaxxECU, ko masu sauƙin kuɗi irin MegaSquirt da Speeduino, da shi suke zuwa.

Da farko a gaya wa ƙwaƙwalwa sharuɗan kunnawa: kuloci a take, gudu ƙasa da kilomita 5, totur sama da kashi 80, ruwan inji tsakanin digiri 75 da 100. Makunnin kuloci a saita shi ya saki daidai inda kuloci ke fara kamawa. In yana can saman feda, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da yanke wuta alhali mota ta fara tafiya, ta tashi tana tangaɗi. Akwai kuma tarkon sensar gudu. A mota mai ja da gaba, sensar akwatin giya juyin tayar gaba take karantawa, don haka da taya ta zame sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an yi nisa ta saki komai. In da hali a ɗauko gudun daga sensar ABS ta tayar baya.

Hanya biyu ake riƙe juyin. Yanke mai yana da taushi, bai cutar da salansa, amma ba ya tara matsi sosai. Yanke wuta kuwa yana barin ɗanyen mai ya fita ya kama a cikin manifol, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga silinda, shi ne harbin da yara ke biyo mota dominsa, shi ne kuma ke juya turbo. Farashinsa: indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, zai narke cikin 'yan gwaje-gwaje, don haka a cire shi tukuna, sifirin bawul mai rauni kan bari bawul ɗin hayaƙi ya buɗe da bugun, manifol mai siririn ƙarfe kan tsage a walda.

Abin da ke tara matsi a zahiri shi ne jinkirta tartsatsi. Idan wuta ta kama a makare, konewar ba ta gama ba bawul ya buɗe, zafin ya tafi kan turbo maimakon kan fistin. Fara da digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ka duba geji. Sauko zuwa 5, sannan sifili. Babban turbo kan buƙaci a wuce ƙololuwa da digiri 5 zuwa 10. Kowane mataki zafin hayaƙi yake ƙarawa, kuma bai kamata ya haura digiri 900 zuwa 950 a bakin turbo ba. A ƙara mai kashi 5 zuwa 10 a wannan yanayin don sanyaya. A kuma kashe gyaran kai-tsaye na waidiban, saboda iskar da ba ta ƙone ba za ta sa na'urar ta nuna ƙarancin mai na ƙarya, ƙwaƙwalwa ta yi ta tuttula fetur har fulogi ya jiƙe.

Daƙiƙa 2 zuwa 3 ake zama a kai. A sa agogo a ƙwaƙwalwa ya kashe tsarin bayan 4, don direban da jini ya ɗiba ba ya ƙirga lokaci.

Juyi nawa, matsi nawa? Titi ne zai ba da amsa. A tayar yau da kullum da mota mai ja da gaba, fara da juyi 3000 da matsin bar 0.2 zuwa 0.3. Mutane da yawa na mamakin ƙanƙantar lambar, amma da nauyin mota ya koma baya a wajen tashi, tayar gaba sauƙi take yi, ba ta iya ɗaukar fiye da haka. Tayar tsere mai laushi da babban turbo kan kai 4500 zuwa 5000. In mota ta yi laƙwas, ƙara juyi 200. In taya ta ƙwace, rage matsi tukuna kafin juyi. Abu ɗaya ake canjawa a kowace tafiya, a rubuta a takarda, in ba haka ba da yamma babu wanda zai tuna abin da ya yi aiki.

A nan ne sifirin westiget, wato ƙofar da ke karkatar da hayaƙi ya kauce wa turbo, yake da muhimmanci. Solonoyid, wato bawul ɗin lantarki da ƙwaƙwalwa ke sarrafa ƙofar da shi, na iya ɗaga matsi sama da ƙarfin sifirin, ba ya iya saukar da shi ƙasa. Wanda ya sa sifirin bar 1 ya ɗaure kansa da bar 1 tun daga giya ta ɗaya. Sa mai bar 0.4 ko 0.5, sannan a raba matsi bisa giya: ta ɗaya a kan sifirin kawai, ta biyu 0.7, ta uku da ta huɗu cikakke. Wannan dabarar ta fi duk wani harbin salansa rage lokaci.

Kuloci ba a fizge ƙafa daga kansa. A ɗago shi har bakin kamawa, birkin hannu na riƙe da mota, haƙoran giya da shaf su ɗauki ɗan nauyi, sannan a sake shi da sauri amma a miƙe, cikin kamar rabin daƙiƙa. Idan gaban mota ya hau tsalle yana dukan ƙasa, ɗaga ƙafa. Wannan tsallen shi ke karya shaf da difarenshiya, kuma yawanci daga ruɓaɓɓun robobin zaman inji da matattun shoka yake. Mota mai giyar atomatik birki ake takawa da hagu a tara matsi a kan kombata, wadda ke maimakon kuloci a irin wannan giyar, sai dai man giya na yin zafi cikin daƙiƙu kaɗan, don haka kada a wuce 3, kuma a ƙara mata abin sanyaya mai.

Iskar tayar gaba a rage zuwa fam 22 ko 25 a tayar titi, ta tsere 15 zuwa 18, ta baya kuma a ƙara mata don ta rage ja. Ƙona tayar titi har hayaƙi ya turnuƙe asarar roba ce, santsi take ƙarawa. Juyi ɗaya don kakkaɓe yashi ya isa. Tsintsiya ma kayan aiki ce: kwaltarmu ba ta rabuwa da rairayi, kuma share mita 20 na farko kan ba da abin da saitin awa biyu bai bayar ba. A auna da na'urar GPS irin Dragy, don ta cikin waya ba ta da saurin kama kashi goma na daƙiƙa. A tayar titi, daƙiƙa 2.1 zuwa 2.2 a mita 18 aiki ne mai kyau.

Wurin gwaji

Motar da ke cinye mita 402 a daƙiƙa 13 tana ƙetare layi da gudun kusan kilomita 170, kuma tana buƙatar fiye da wannan tsawon kafin ta tsaya cikin natsuwa. A titin da garken shanu, amalanke, mai babur ɗauke da buhunan gero da yaran makaranta ke ratsawa babu sallama, wannan ba abin gwadawa ba ne. Sai hanyar da aka rufe da izinin hukuma da sanin dagaci, da mutane a kowace mashiga, ba ranar kasuwa ba, 'yan kallo kuma a bayan layin tashi. Rabin zango, mita 201, ya isa a koyi duk abin da ya shafi tashi. Hular kwano, bel, batir a ɗaure da ƙarfe, abin kashe gobara a hannun wani da ke tsaye kusa. A dokar NHRA, ƙungiyar tseren miƙe ta Amurka, wadda aka kafa a 1951, motar da ta kai daƙiƙa 11.49 sai an yi mata gadar ƙarfe a bayan direba, daga 9.99 kuma cikakken keji.

Tsakanin tashi da tashi a ba mota minti 10 zuwa 15, bonet a buɗe, a jira zafin iskar shiga ya sauko. Zuba ruwa a kan intakula yana taimakawa, amma a goge kada ya ɗiga a gaban taya. Kada a kashe inji da dawowa, a bar shi a silo minti biyu mai ya zagaya turbo, in ba haka ba man da ya tsaya a cikinsa zai ƙone ya zama gawayi. Bayan ranar gwaji a shinshina sandar auna baƙin mai. In tana warin fetur, a juye man a sa sabo kafin a sake fita.